Sanarwar Bayan Taron Masunta, Manoma da Makiyayan Dausayin Haɗejiya da Nguru

Wakilan ƙungiyarmu daga Guri, Kirikasamma, Birniwa, Auyo, Nguru da ƙasar Bade sun yi zama kan halin da dausayinmu yake ciki, tare da sarakunan ruwa, arɗoɗi, bulamai da wakilan mata masu sarrafa kifi. Ga abin da aka tattauna da matsayar da aka cim ma.

Mafi yawan lokacin zaman ya tafi ne a kan ciyawar kacala, kuma dole ta ci lokaci. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da makiyaya, ta hana kwalekwale wucewa. Cikinta tsuntsayen jan-baki suke kwana suna hayayyafa, da safe su faɗa wa gero da dawa da shinkafa. Sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya su ma sun samu mafaka.

Dattawa sun tunatar da taro cewa kacala ba ita ce tushen ciwon ba. A da, ruwan kogin Haɗejiya yakan zo da ƙarfi da damina ya malale fadama, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Wannan zuwa da janyewa shi ne yake ba kifi wurin ƙwai, ya ba manomi laima, ya bar wa makiyayi ɗanyar ciyawa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, tsarin ya sauya: ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ba ya yankewa da rani. Kacala ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Da ta kafu sai ta tare laka, hanya ta cushe, ruwa ya karkata ta hanyar ruwan Marma zuwa tafkin Nguru ya mamaye gonaki da gidaje, alhali tsohon kogin Haɗejiya da kogin Burum Gana suna kukan ƙishi, mutanen Gashuwa zuwa ƙasa kuma suna jiran abin da bai iso ba. Masifa ɗaya ce take nutsar da wani tana ƙona wani.

Saboda haka babbar buƙatarmu ita ce Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta fito da jadawalin sakin ruwa da zai bi tsarin damina da rani, ta sanar da shi tun kafin lokaci ta gidajen rediyo da fadar masu unguwanni, kuma a zauna da wakilanmu wajen tsara shi. Taro ya yaba aikin yashe hanyoyin ruwa da gwamnatoci suke yi, amma ya nuna cewa muddin sakin ruwa bai gyaru ba, abin da aka yashe bana zai sake cushewa.

Kan madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana maganar ginawa a kan kogin Jama'are, matsayinmu a fili yake. Kogin Jama'are shi kaɗai ya rage babu babbar madatsa a kansa, kuma ambaliyarsa ce take riƙe da abin da ya saura na dausayin. Kada a ɗauki mataki sai an ji ta bakin mutanen da ke ƙasan kogin har zuwa Komadugu Yobe.

Taro bai ɗora laifin duka a kan hukuma ba. Membobi sun amince su daina amfani da raga mai ƙananan idanu da zuba guba a ruwa, duk wanda aka kama kuma a kai shi gaban sarkin ruwa. Za a dawo da aikin gayya na yankan kacala, a riƙa yanke ta a ƙarƙashin ruwa domin saiwar ta shaƙe ta ruɓe, tunda ƙonawa ba ta hana ta tsirowa. An kuma nemi jami'o'inmu su koya wa matasa yin gawayi da ita, kamar yadda ake yi a kwarin kogin Senegal, ko itatuwan dajin Baturiya sa samu sauƙin gatari.

An yi magana kan tsuntsaye. Tun shekarar 2000 tafkin Nguru da Marma suke cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta ba muhimmanci a duniya, kuma kowane hunturu tsuntsayen ruwa suna ƙetaro Sahara daga Turai su sauka a Dagona. Muna roƙon mafarauta su bar harbin su, da dinya da kirinjijiya da gauraka. Muna kuma roƙon duk lokacin da za a yi feshin jan-baki a sanar da jama'a, a nisanta shi daga mashaya da wuraren su.

An naɗa kwamiti na manoma da makiyaya da zai zagaya burtali da mashayu kafin shanu su gangaro fadama, ya kawo rahoto a zama na gaba. Kwamitin ne kuma zai miƙa wannan sanarwa ga gwamnatocin Jigawa da Yobe da masarautun Haɗejiya, Nguru da Bade.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare