RA'AYINMU: Sansani Ya Tashi, Juji Ya Zauna

Tun daga shekarar 1960 da aka tura sojojin Nijeriya ƙasar Kwango, ba a daina kiransu zuwa aikin kiyaye zaman lafiya ba: Labanan a 1978, Laberiya a 1990, daga baya kuma Darfur. Ana yawan yabon jaruntakarsu, kuma sun cancanta. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, ina sharar sansani take zuwa? Mutum ɗari takwas da suka zauna wuri guda suna ci suna sha, suna da ɗakin shan magani, dole su tara gwangwani da leda da bandeji da allurai. Ran da suka naɗe tantinsu, mutanen ƙauye ne za su gaji jujin.

Duniya ta ga sakamakon sakaci da wannan al'amari. A watan Oktoba na 2010 annobar kwalara ta ɓarke a ƙasar Haiti, bayan ƙazanta daga sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke kusa da garin Mirebalais ta malala cikin rafin da ke zuba a kogin Artibonite. Mutane kusan 10,000 suka rasu. Sai a Disamba 2016 Babban Sakatare Ban Ki-moon ya nemi gafara. Gaskiya ne najasa ce ta jawo wannan, kuma wuta ba ta maganin najasa, amma tushen laifin ɗaya ne: an kafa sansani ba a shirya wa abin da zai fita daga cikinsa ba. Su kuwa Amurkawa, ramuka suka haƙa a Iraƙi da Afganistan suna ƙona kome da kome a fili, har sojojinsu suka koma gida da ciwon huhu, sai da aka yi doka a 2022 don kula da su.

To, ashe cinna wa juji wuta ba shi ne ƙona shara ba. Wutar fili ba ta da zafi sosai. Ci take tana hayaƙi, kuma idan wasu irin robobi suka ƙone a haka sukan fitar da guba mai shiga ƙasa da ciyawa, daga nan ta shiga nono da nama. Tanderun ƙona shara na tafi-da-gidanka ɗaki biyu gare shi. A na farko ake cinye sharar, a na biyu kuma ake ƙone hayaƙin kansa da zafin da ya kai digiri 850. Ana ɗora shi a tirela, yana shan man gas, abin da ya rage kuwa toka ce kaɗan da za a binne a rami mai murfi. Batir da gwangwanin feshi ba a jefa su ciki.

Kada mutumin Jama'are ko Azare ya ɗauka zancen nan na ƙasashen nesa ne. Duk shekarar da kogin Jama'are ya cika ya tumbatsa, makarantun firamare ne ke komawa sansanin waɗanda ambaliya ta kora. Ma'aikatan rigakafi ma sukan kwana a ƙauyuka su tara akwatunan allurai. Abin da aka watsar a bakin wannan kogi ba ya tsayawa nan. Yakan bi ruwa ya ratsa ƙasar Katagum har fadamun Haɗejiya da Nguru, inda masunta da makiyaya da manoman shinkafa ke neman abincinsu. Yara kuwa, kowa ya sani, ba abin da suka fi so kamar sirinji su yi wasan fesa ruwa.

Sai dai a yi hattara. Sau nawa aka sayo injin mai tsada, aka yi bikin buɗewa, bayan wata shida ya zama mazaunin ƙadangaru saboda babu mai, babu makaniki? Inda sansani zai daɗe, akwai tanderun bulo irin wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar De Montfort ta Ingila, wanda maginin gari zai iya ginawa. Inda kuwa ake tashi yau a sauka gobe, na tirela ya fi dacewa.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Tsaro ta sa koyon aiki da wannan tanderu cikin horon da ake ba sojoji a Jaji kafin su fita. Gwamnatin Jihar Bauchi kuma ta ajiye ko da guda ɗaya a Azare a hannun duba-gari, ta ware kuɗin mansa da na gyaransa cikin kasafin kowace shekara, domin ya zagaya Jama'are da Itas da Zaki kafin ruwan Agusta ya yanke hanya.