Kada Mu Kashe Mai Gadi Don Ya Yi Ihu

'Yan'uwa ɗalibai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun da aka buɗe madatsar ruwan Kainji a 1968, aka ja layin wuta zuwa Birnin Kebbi har ya zarce Yamai, abu guda muka ƙware a kai: kaya na ƙonewa sai mu tsine wa masu wuta, mu koma barci. A Satumbar 2023 gobara ta lashe taransifomomi biyu a babbar tashar Birnin Kebbi, jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka shiga duhu. Kowa ya koka. To, ƙananan da muke kashewa da hannunmu a asibitoci da injinan casar shinkafa na Argungu fa, wa ke kukansu?

Mu ɗauki taransifomar nan mai raba hanya, wadda naɗinta biyu ba sa taɓa juna, maganaɗisu kaɗai ke sada su. Ita ce garkuwar majinyaci a ɗakin tiyata. In aka kunna ta daidai lokacin da ƙarfin wuta ke kan sifili, maganaɗisun cikinta kan ninka, ƙarfen ya ƙoshi, sai ta zuƙi wuta ninki goma ko fiye cikin ƙiftawar ido. A garin da wuta ke zuwa tana komawa, kowace dawowa sabon kunnawa ce. Fiyus ya tsinke. Me gwanin namu zai yi? Sai ya ɗaura wayar jan ƙarfe mai kauri a gurbinsa! Ya kashe mai gadi ke nan don ya yi ihu. Ranar da ɓarawon gaskiya ya zo, naɗin ne zai babbake.

Alhali maganin ba ɓoyayye ba ne: a yalwata ƙarfen ciki don kada ya yi saurin ƙoshi, a sa fiyus mai haƙuri da zuƙar farko, a sa rizista ta tare wutar na ɗan lokaci kafin a ba ta hanya. Tun ran gini ran zane. Amma ɗan kwangila ya fi son mai araha, mu kuwa mun fi son haddar jarrabawa.

Saboda haka muna kira ga ɗaliban injiniya, daga Kwalejin Waziri Umaru har Jami'ar Aliero: mu nemi a ba mu waya da ƙarfe mu naɗa da hannunmu, mu auna, mu gane. Digirin da bai hana fitilar tiyata mutuwa ba, takardar ƙunsa ƙosai ce. Talaka ne ya biya kuɗin karatunmu, shi ne kuma kwance a kan gadon!