Abin Da Kambili Ba Ta Faɗa Ba

Akwai iyayen da ba su so 'ya'yansu su karanta Purple Hibiscus, littafin da Chimamanda Ngozi Adichie ta fitar a 2003, wai don ya tona asirin mutumin coci. Mu dai muna ganin ya kamata a karanta shi, a kuma lura da yadda aka rubuta shi.

Eugene Achike attajiri ne a Enugu, mai masana'antu da gidan jarida, mai buɗaɗɗen hannu ga ikkilisiya. A gida kuwa yana dukan matarsa da 'ya'yansa. Marubuciyar ta sa labarin a bakin 'yarsa Kambili, mai shekara 15, wadda take ƙaunar ubanta ƙwarai, ba ta kuma iya kiran abin da yake yi da sunansa ba. A nan ƙarfin littafin yake.

Ku dubi ranar da cikin uwar ya zube. Ba a shigar da mu ɗakin ba. Muna tare da Kambili a nata ɗakin, tana jin ƙarar bugu, ta rufe ido tana ƙirga, sai da ta kai 19 ƙarar ta tsaya. Uban ya fito ɗauke da uwar a kafaɗa kamar buhun shinkafa, ita da wanta Jaja suka durƙusa suka goge jinin. Ba wanda ya yi maganar abin da ya faru. Da an nuna mana dukan ƙuru-ƙuru, da mun kau da kai mun wuce. Amma yarinyar da ta riga ta san ta yi ta ƙirga har a gama, ta gaya mana cewa ba yau aka fara ba.

Daga baya, in ta buɗe littafin karatu, sai baƙaƙen su rikiɗe mata su zama ja kamar jini. Ta zo ta biyu a aji maimakon ta ɗaya. Mu malamai, sau nawa muka rubuta wa irin wannan yaro "a ƙara ƙoƙari" muka sa hannu?

Marubuciyar ta kuma sa kayan gida su yi magana a madadin mutane. Uwar tana da waɗansu 'yan mutum-mutumi na tangaran, kuma duk lokacin da aka doke ta sai ta sauko ta yi ta goge su. Uban yakan ba yaran kurɓin shayinsa don nuna ƙauna, shayin kuwa kullum sai ya ƙona harshe. Ranar da ya zuba wa Kambili tafasasshen ruwa a ƙafa, hawaye yake yi. Ba a zana shi kamar dodo ba, shi ya sa mai karatu yake jin kamar ya taɓa zama benci ɗaya da shi ranar Lahadi.

Makarantar Kambili ma ta mishan ce. 'Yan ajinta sun ɗauke ta mai girman kai, domin ba ta hira da kowa, kuma da an buga ƙararrawar tashi sai ta ruga mota da gudu. Mai karatu kaɗai ya san dalili: wata rana direba ya kai ƙara cewa ta yi jinkirin 'yan mintoci, uban ya mare ta a kumatu biyu lokaci guda.