Kasuwar Intanet: Hoton Na Wane Ne, Sunan Kuma Na Wane Ne?

A 'yan shekarun nan, wani babban sashe na cinikinmu ya koma cikin waya. Mai atamfa da leshi tana baje kolinta a Instagram, mai turaren wuta da humra tana talla a WhatsApp, marubuciya tana sayar da littafinta babi-babi ga waɗanda suka biya kuɗin shiga zaurenta, mai shirya fim kuma yana sakin shirinsa mai dogon zango a YouTube. A wannan kasuwa mai saye ba ya taɓa kaya kafin ya biya. Hoto yake gani, suna yake amincewa da shi. Saboda haka hoton da sunan su ne ainihin jarin ɗan kasuwa, amma su ne kuma abin da muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Mu fara da hoto. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka duk abin da ya hau intanet ya zama ruwan rafi, kowa ya zo ya ɗiba. Doka ba ta ga haka ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kuma maye gurbin tsohuwar dokar 1988, tana kare rubutu da waƙa da zane da hoto da fim tun daga lokacin da aka samar da su, ko da mai su bai yi wata rajista ba. Kariyar rubutu da waƙa tana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai aikin, ta hoto da fim kuwa shekara 50 ce daga lokacin da aka fara fitar da su. Telan da ya kwafi hoton ɗinkin wani ya goge sunansa ya liƙa nasa, ya shiga haƙƙin mai hoton, ya kuma yaudari mai saye. Haka nan wanda ya ɗora waƙar wani mawaƙi a kan bidiyon tallar hajarsa ba tare da izini ba. Rubuta sunan mai abu a ƙasa ladabi ne, amma bai zama izini ba.

Sabuwar dokar ta yi wa intanet tanadi na musamman. Mai haƙƙi yana iya aika wa kamfanin da ke ɗauke da shafin takardar koke, kamfanin kuma ya sauke abin da aka sata. Wanda ya maimaita laifin ana iya dakatar da shafinsa. Mai karatu ya auna wannan da kyau: shafin da aka yi shekaru ana tara masa mabiya zai iya rufuwa saboda hotunan aro. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai wani tarko da ko masu ilimi suna faɗawa cikinsa. Ka biya mai zane ya tsara maka tambari, ko ka biya mai ɗaukar hoto ya ɗauki kayanka, sai ka ɗauka aikin ya zama naka ɗungurungum. A ƙa'idar doka, haƙƙi yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, sai dai in yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma miƙa haƙƙin gaba ɗaya ba ya inganta sai a rubuce. Takarda guda mai sa hannun ɓangarorin biyu ta isa ta raba gardamar da za ta iya tasowa ranar da kasuwa ta buɗe, kowa ya fara ganin ƙimar tambarin.

Sai batun suna. Nan ne aka fi yin kuskure mai tsada. Takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana ba ka damar yin kasuwanci da sunan da ka zaɓa, amma ba ita ce rajistar alamar kasuwanci ba. Wannan tana da nata ofishin a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, bisa dokar 1965. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, daga nan a riƙa sabunta ta duk bayan shekara 14. Wanda bai yi ta ba yana iya kai ƙarar mai kwaikwayon sunansa, sai dai nauyin tabbatar da cewa jama'a sun san shi da sunan yana wuyansa, kuma wannan aiki ne mai cin lokaci da kuɗin lauya.

Masu aika kaya Maraɗi da Damagaram da Garwa da Injamena su ƙara lura da wani abu. Haƙƙin rubutu da hoto yana tsallaka iyaka albarkacin Yarjejeniyar Berne, wadda Nijeriya ta shiga a 1993. Rajistar alamar kasuwanci kuwa a bakin iyaka take tsayawa. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista guda take aiki a ƙasashe 17, amma Nijeriya ba ta ciki. Wani zai iya riga ka yin rajistar sunanka a can, ya bar ka da cizon yatsa.

Wasu za su ce ai wannan duk tsarin Turawa ne, ilimi da fasaha ba su da mai su. Amsar ita ce, tun a 1988 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait, ta yanke cewa sunan kasuwanci da alamarsa da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce mai ƙima wadda bai halatta a keta ta ba. Wanda ya tura littafin da marubuciya ta sa wa kuɗi zuwa zaure goma kyauta, ya sani cewa gumin wata ya raba.

Gaskiya ne dokar ta yi wa ƙaramin ɗan kasuwa nisa. Shari'ar irin wannan a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, dokar kuma da Turancin lauyoyi aka rubuta ta. Don haka ya zama wajibi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa da tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu su kawo bayaninta cikin Hausa, a rediyo da shafukan da 'yan kasuwar suke. Ƙungiyoyin marubuta da na 'yan fim ma su riƙa shigar da koke a ƙungiyance, domin abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin taro ba.

Kafin nan, ɗan kasuwa ya yi abin da ke hannunsa. Ya ɗauki hoton kayansa da kansa, ya adana na asalin. Ya nemi izini a rubuce kafin ya yi talla da waƙar wani, ya yi yarjejeniya da mai zanensa, sannan ya bincika ko wani ya riga shi rajistar suna tun kafin ya buga leda da kwali.