Zalunci Ta Kunne Yake Shiga

Akwai wani sakaci da ya kama waɗansu masu rubuta gajerun labaru a kan ƙasar da mulkin danniya ya cinye. Su kan cika takarda da kurkuku da sarƙa, su bar kunnen mai karatu a banza, sai ka ce azzalumi bebe ne. Wannan kuwa babban kuskure ne, domin ido yana da murfi, kunne ba shi da shi.

Kurt Vonnegut na Amurka ya gane haka. Cikin labarinsa "Harrison Bergeron" na 1961, hukuma ta liƙa wa masu basira 'yar rediyo a kunne, tana zuba musu ƙara bayan kowane sakan 20, don kada tunani ya zauna musu.

Marubucin Hausa ba ya bukatar aro. Ran 15 ga Janairu, 1966, mutanen Kaduna sun ji ƙarar bindigogi daga gidan Sardauna tun kafin asuba. Da rana ta yi, muryar Manjo Nzeogwu ta fito daga Rediyon Kaduna tana shelar dokar soja, har ta hana ihun taken siyasa. Watau mai bindiga ya riƙe murya ɗaya, ya kulle sauran. Tun daga nan, in badujala ta katse shirin rediyo da sassafe, gaban jama'a ya kan faɗi.

Wanda ya san ba a busa kakaki sai ga sarki, lalle ya san sauti da mulki tare suke tafiya. In ya bar labarinsa kurum, ba shi da uzuri. Ya saurara tukuna, sa'an nan ya ɗauki alƙalami.