Me Ya Haɗa Yaron Danchuwa Da Rumawa?

Tun da Gwamnatin Tarayya ta sanar da maido da darasin tarihi a makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2022, bayan an fitar da shi a zangon karatu na 2009/2010, wata magana ta kama bakin 'yan boko: wai a koya wa yara tarihin gida kawai, a bar wa Turawa Girkawansu da Rumawansu. Suna tambaya, me ya haɗa yaron Danchuwa, cikin ƙasar Potiskum, da Atina ko Rum? Mu dai muna ganin wannan magana kishi ne da ya rasa bincike.

Ba mu musun cewa gida ne farko. Abin kunya ne yaro ya tashi a Jihar Yobe bai san Birnin Gazargamu ba, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, bai kuma san tarihin Ngizim da Karekare da Bolewa ba. Amma sanin gida bai hana leƙa waje, balle ma waɗannan mutane sun daɗe da shigowa gidan namu.

Duba alƙalamin da almajiri yake rubuta allo da shi. Daga Larabci muka aro sunan, masana kuma suna mai da shi ga kalmar Girkanci ta kara, wato kalamos. Dirhami da dinari da malamai suke ambata a babin zakka, sunayen kuɗin Girkawa ne da na Rumawa. Watannin Yuli da Agusta sunayen Yuliyas Kaisar ne da Agustas. Baƙaƙen bokon da muke rubuta wannan mujalla da su na Rumawa ne. Sura ta 30 cikin Alƙur'ani mai girma kuwa Suratur Rum ce, wadda ta yi maganar yaƙin Rumawan Gabas da Farisa. Yaya ɗalibi zai fahimci tafsirinta in bai san su wane ne Rumawa ba?

Haka ilimin zaure. Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mai littafin Ahalari da kowane ɗalibin fiƙihu ya fara da shi, shi ne ya wallafa Sullam a fannin manɗiƙi a ƙarni na 16. Manɗiƙin nan na Aristo ne, wanda aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, inda irin su Hunainu ɗan Ishaƙ suka fassara littattafan likita Jalinus. Ashe ke nan Aristo ya riga Lugga zuwa ƙasar nan da ɗaruruwan shekaru, kuma da rawani ya zo.

Ko a taswira ma ba su yi mana nisa ba. Hanyar fatake da ta tashi daga Borno ta bi Bilma da Fezzan ta ɓulla Tarabulus, ƙasar Garamantawa take ratsawa, mutanen da Herodotus ya ambata, waɗanda kuma suka yi ciniki da Rumawa. Sarkin Rum Septimiyas Seberas, wanda ya hau mulki a 193, haifaffen Leptis Magna ne a Libiya ta yau.

Sai dai kuma muna da ja da ɗaya ɓangaren, masu koyar da wannan tarihi kamar yadda Turawan mulkin mallaka suka bar shi, wai daga Atina wayewa ta fito, sauran duniya 'yan kallo ne. Dimokuraɗiyyar Atina da ake yabo ba ta ba mata da bayi da baƙi ƙuri'a ba. A faɗa wa yara wannan ma. A nuna musu yadda Jamhuriyar Rum ta rushe sa'ad da sojoji suka fi biyayya ga janar-janar ɗinsu bisa ga doka. Ɗan Nijeriyar da ya san abin da ya faru a 1966 da 1983 ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi.

Saboda haka kiranmu ga masu tsara manhaja da kwalejojin horar da malamai, har da ta Tarayya da ke Potiskum, shi ne a koyar da Girkawa da Rumawa da harshen Hausa, a fara daga alƙalami da dinari, a bi ta Bagadaza da Fezzan, sannan a isa Rum. Mu kuma malaman sashen Hausa, rubuta littattafan yana wuyanmu, domin in ba mu rubuta ba, wani zai rubuta mana yadda ya ga dama. Allah ya sa mu dace.