Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba

Jama'a, a watan Satumba na 2024 kamfanin Toyota ya ba da sanarwa cewa daga shekarar 2026 zai shiga tseren motocin nan na ƙasar Ostareliya da a ke kira Supercars, da motarsa Supra. Wannan tsere na motocin da siffarsu ta yi kama da waɗanda mutane ke shiga a titi ne, sai dai cikinsu duk an sake shi domin gudu. Babbar ranarsa ita ce ta Bathurst, inda a ke zagaya dutse har kilomita 1,000. Shugabannin tseren sun yi ta murna. Mu ma mun ce maraba, amma fa da magana a bakinmu.

Dalilin murnarsu a fili ya ke. Shekara da shekaru tseren nan gaba ce tsakanin gida biyu, Ford da Holden, ɗa ya kan gaji uba wajen goyon bayan ɗayansu. To, Holden ya rufe masana'antarsa a 2017, a 2020 kuma aka ba da sanarwar kashe sunan gaba ɗaya, sai Camaro ta Chevrolet ta maye gurbin daga 2023. Tseren da ya rage wa kamfani biyu kuwa, in ɗaya ya yi fushi, shi ke nan wasa ya watse. Saboda haka zuwan na uku, wanda ya fi kowa cinikin mota a ƙasar, lalle abin so ne.

Amma ai ba yau aka fara baƙi a gidan nan ba. Nissan ya zo a 2013 da motar Altima, ya haɗa kai da 'yan gidan Kelly. Tsere uku kacal motar ta ci. Da ƙarshen 2018 kamfanin ya janye hannunsa, ya bar 'yan Kelly su ka yi ta jan motocin su kaɗai a 2019, kafin su ka koma Ford.

Na Volvo ya fi ban takaici, domin shi motarsa tana da gudu. Ya shigo a 2014 tare da ƙungiyar Garry Rogers. Tun fitowar farko a birnin Adelaide, saurayin nan Scott McLaughlin ya zo na biyu da S60, 'yan kallo su ka tashi tsaye. Shekara uku, sai Volvo ya ce ya gama, har ya nemi a mayar masa da motocinsa da injinansa can Suwidin. Magana ta kai gaban shari'a. Garry Rogers, mutumin da ya yi shekaru yana wannan sana'a kafin Volvo ya san hanyar filin, tilas ya sa makanikansa su ka haɗa motocin Holden cikin gaggawa domin kada 2017 ta same shi hannu rabbana. Wa ya biya wannan hasara? Mai gareji ne da ma'aikatansa. Shi kamfani, abin duk talla ne a wurinsa: ran da manya su ka zauna a ofis su ka ce kuɗin talla ya koma wani waje, ba mai tambayar makaniki abin da zai ci.

Ƙungiyar Walkinshaw da Toyota ya zaɓa ta shirya masa mota ita ma ta ɗanɗana. Ita ce ta riƙe tutar Holden tun 1990, amma aka karɓe ta aka ba Triple Eight daga 2017.

Abin da mu ke kira ga shugabannin tseren su yi ke nan. Duk kamfanin da ya shigo, a ɗaure shi da yarjejeniya a rubuce, cewa ko ya tafi, mota da inji da kayan gyara za su zauna a hannun ƙungiyoyin da su ka dogara da shi har su sami madafa. Alkawarin baki a ranar biki ba ya biyan albashi.

Sa'an nan a tsare ma'auni. A 2023 Camaro ta yi ta cinye tsere, mutanen Ford su ka yi ta kukan cewa ba a daidaita motocin ba, har sai da aka ɗauki duka biyu aka kai Amurka aka gwada su a ɗakin awon iska. In daidaita biyu ya ba da wannan wuya, ina ga uku? Tsoronmu shi ne kada kwaɗayin riƙe babban baƙo ya sa a riƙa sassauta masa doka a ɓoye. A auna Supra da mudun da aka auna Mustang da Camaro, a kuma bayyana sakamakon awon ga kowace ƙungiya, babba da ƙarama, a rana ɗaya.